Buhunan Yashin Kuwabara

Karo na huɗu ke nan a wata guda da farar motar Nagumo ta hau kan ramin garejin Kuwabara.

Nagumo malamin lissafi ne. Da motar yake zuwa makaranta Litinin zuwa Juma'a, ran Lahadi kuma ya kai ta filin Gunma a yi tseren zagaya 'yan robobin da ake jerawa a ƙasa, ana auna lokaci da agogo. Shekara goma sha tara yana bin kofin lardi, bana maki ɗaya tal ya rage masa. Lahadi mai zuwa ce tseren ƙarshe.

Sai motar ta ce ba ta san zancen ba.

"Kwanar dama tana kwanciya luf, ta hagu sai ta riƙa gardama kamar surukata," in ji Nagumo ta cikin takunkumi. Yana ƙunshe cikin ƙatuwar kwat, alhali ko ganye bai fara ja ba, balle sanyi ya shigo. "Ko dai tsufa ya ci idonka ne, tsoho?"

"Kai dai ji da murarka," Kuwabara ya ce.

Amma abin ya dame shi ƙwarai. Shi fa ba ya saitin taya da ka. Kullum sai ya loda buhunan yashi a kujerar direba, kilo tamanin da huɗu daidai nauyin abokinsa, don motar ta zauna yadda za ta zauna a fili. Haka ya yi yau ma. Ya karkato kan tayoyin gaba ciki, ya ɗan buɗe bakinsu waje, ya ja zare, ya auna, ya sake aunawa. Komai cif.

Nagumo ya zagaya da ita ya dawo yana girgiza kai.

Kuwabara ya canza robobin ƙafar motar, ya duba sifirin, ya musanya tayoyi. A banza! Matarsa ta kawo musu taliya, nasa kwanon ya huce a kan benci, na Nagumo ma ko taɓawa bai yi ba. Wallahi tunda Kuwabara ya kama sifana bai taɓa jin hannunsa ya zama na banza irin na ran nan ba.

Ran Asabar da rana dabara ta ƙare masa. Ya ɗora tayoyin huɗu a kan sikeli, ya yi wurgi da buhunan.

"Na daina yarda da yashi. Shiga da kanka."

"Haba, bar shi mana."

"Shiga, na ce!"

Nagumo ya daɗe tsaye riƙe da murfin mota, sannan ya shiga a hankali. Kuwabara ya duƙa kan allon sikelin. Da ya cire nauyin motar, kilo hamsin da tara ya rage, har da kwat.

"Saita min ita a haka, Kuwabara," Nagumo ya ce a hankali, "likita ya ce ba zan ga tseren baɗi ba."