Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Moton Badaru

Kullum da safe in Badaru ya janye motonsa, wato babur ɗinsa, daga rumfa, sai ya tarar da baƙin tabo a ƙasa, faɗin tafin hannu. Yakan turo yashi da ƙafa ya rufe, ya hau ya yi gaba. Manomin albasa ne a Madekali, kuma moton nan shi ne ƙafar gidansu duka.

Wata ranar kasuwa ya tsaya wurin Salifu makaniki a Malanville don a ɗaure masa sarƙa. Salifu ya ga ƙasan injin jage-jage da baƙin mai. Ya wanke shi da kananzir, ya goge, ya tada moton, ya tsuguna yana kallo. Ba a jima ba mai ya fara tsattsafowa daga inda ɓari biyu na cikin injin suka haɗu.

"Taho ka gani," in ji Salifu. "Takardar da ke toshe tsakaninsu ta ruɓe. Sai an buɗe an sa sabuwa. Bar min shi zuwa la'asar."

"Yau kasuwa, malam Salifu. Albasata na rana."

"Ran da man ga ya ƙare bisa hanya, injin kamewa za shi yi. Ba shi yi maka sallama."

Badaru ya yi dariya, ya ce wani mako. Da ya koma gida ya murtsuke sabulu ya liƙe wurin. In ya tuna ya ƙara mai, in bai tuna ba shi ke nan. Wani mako ya zama wata biyu.

Ranar wata Talata da hantsi, yana gona, ya ji ihun Diza, matar wansa Haman. Kumurci ya sari Haman a idon sawu yana gyaran kwarin ruwa. Kafin a ɗauko shi, fatar idonsa ta fara nauyi.

"Asibiti, Badaru! Yi sauri!" in ji Diza.

Suka sa Haman a tsakiya, Diza ta riƙe shi ta baya. Badaru ya murɗa moto iya ƙarfinsa. Sun ci rabin hanya sai ya ji ƙauri, injin ya shiga ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan ya yi tsit. Ya taka don ya sake tada shi, abin takawar ya ƙi motsi. Ya taka har takalminsa ya tsinke. Ya zaro ma'aunin mai, ya gan shi a bushe ƙayau.

Ba gida gaba, ba gida baya. Wayarsa ba ta kama komai a wurin. Ya goya wansa ya yi ta gudu, har gwiwoyinsa suka ƙi. Suka kwantar da shi a inuwar wata aduwa.

"Yaya, ka yi haƙuri, wani zai biyo," Badaru yake ta faɗi.

Haman ya dube shi, bakinsa na motsi, magana ba ta fita. Diza tana yi masa fifita da gyalenta tana kiran sunan Allah. Badaru ya fita tsakiyar hanya ya tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma. Rana kawai.

Ko da wani mai amalanke ya ɓullo daga nesa, Diza ta riga ta rufe fuskar mijinta.

Ba wanda ya zargi Badaru. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma shi ya san abin da aka nuna masa da yatsa, ya san amsar da ya bayar. Har yau ba ya iya haɗa ido da 'ya'yan Haman.

Jama'a, abin hawan da ke ɗigar da mai yana neman gyara ne yau, ba gobe ba. Kada mu raina ƙaramar ɓaraka, domin ba mu san ranar da ran wani zai rataya a kanta ba.