Wanda Ya Gyara Gawar Daudu

Tun ranar da 'yan sintiri suka tafi da ɗana Haladu abinci bai zauna mini ba. An tsinci gawar Daudu, maƙwabcinmu na gona, a cikin geronsa, can hanyar Gwiwa. Kafin azahar garin nan ya gama shari'a, wai Haladu ne. Hujjarsu kuwa? Ba ya aski, ba ya wanka sai an yi faɗa, kuma an taɓa ji ya zagi Daudu kan iyakar gonarmu. Matan da ko nasu 'ya'yan sun kasa riƙewa, su ne alƙalai a bakin rijiya.

Mahaifinsa, Malam Ashiru, ko ofishin 'yan sandan bai taka ba. Ya ce a bar shi ya ɗan ji jiki, ƙila ya yi hankali. Ya ninke rigunansa, ya share ƙofar gida kamar kullum, ya wuce masallaci. Ana ta yi masa jaje, wai mutumin kirki ya haifi annoba.

Ni nake kai wa Haladu abinci ofishin 'yan sandan. A can na haɗu da Manasseh, jami'in da aka turo daga Dutse. Ya ba ni kujera, abin da dattawan garinmu ba su yi ba, ya ce masu kisa iri biyu ne. Akwai na hargitse: abin da hannunsa ya kai shi yake ɗauka, dutse ko fartanya, ya yar a wurin, ya bar sawu ko'ina. Akwai kuma mai tsari: da makaminsa yake zuwa, da shi yake komawa, ya share sawunsa, ya dawo cikin mutane ana durƙusa masa. Sau da yawa wanda aka kashe ɗin ya saki jiki da shi, shi ya sa ba a ganin alamar kokawa.

"Mama, ɗanki ko takalminsa bai san inda ya yar ba. Ba aikinsa ba ne."

Na ce to a ba ni abina. Ya ce masu shaida sun yi masa yawa, in ba a samu wani ba, ranar Litinin sai kotu.

Sannan ya ba ni haƙuri, ya nuna mini hoton gawar a waya, yadda aka tsince ta. An kwantar da Daudu kan damansa, fuska gabas, an rufe masa ido, an ɗaure haɓa da manyan yatsun ƙafa da farin ƙyalle. Dattawa sun ce masa wani mai wucewa ne ya yi don Allah. Mai wucewa dai! Wane mai wucewa ke yawo da yankin likkafani a aljihu? Likita ma ya ce tun jikin da ɗumi aka yi. Mai tsari, in ji Manasseh, komai yakan goge, sai abin da hannunsa ya saba da shi, wannan bai ma san ya yi ba.

Ya tambaye ni ko na san mai irin wannan ɗaurin. Na ce ni mace, ina ni ina sanin wannan.

Na dawo na tuƙa tuwo, na kai wa Malam. Ya cinye tas, ya ce miyar ta yi gishiri.

Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, Litinin ta matso. In bar Haladu ya tafi kotu ne, ko in koma in gaya wa Manasseh cewa duk mamacin garin nan mijina ne ke yi masa wanka, kuma ƙyallen nan ni nake yayyaga masa da hannuna?