Tambayar da Na Yi wa Mai Siket

Da na hango shi a layin shiga kallon gasar kofin duniya, Bature sanye da siket irin na mutanen Sikotlan, sai na ce yau ranata ce.

Shekara biyu ina jiran irinsa. Lokacin kullen korona, mu takwas 'yan ci-rani a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, nan ƙasar Larabawan da ake gasar, sauran suna karta, ni ina karatu a waya mai tsagaggen gilashi. A nan na gano yadda mutanensa suka sa bayi noman rake a Jamaika, suka dawo gida attajirai. Na haddace hujjoji, har gwaji nake yi gaban madubin banɗaki.

Ina duba tikitinsa na ce, da Turancina na maigadi, "Yallaɓai, ka san abin da kakanninka suka yi wa baƙar fata?"

Na gyara tsayuwa, ina jiran musu.

"Na sani," in ji shi. "Na bincika. Bayin da suka mallaka mutum arba'in da ɗaya ne, nakan karanta wa 'ya'yana sunayensu. Kai fa, daga ina aka kwashi naku?"

Abokin aikina ya daka min tsawa: "Yalla, yi sauri, Malam, duk ka tsayar da layi!"

Na miƙa wa Baturen tikitinsa. Namu ba a kwashe su ba. Kakan babana rinji gare shi, ƙauye guda na bayi masu yi masa noma. Har yau jikokinsu na zuwa gaishe mu da Sallah, su durƙusa a zaure.

Ni nake miƙa musu goro, ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba.