Sai da Izinin Alhaji

"Malam Mannir, jininsa zai ƙare! Mu wuce da shi Funtua," in ji Shitu, direban motar asibiti.

Mannir ya dubi mutumin da aka tsinto a hanyar Danja, jini da laka sun rufe masa fuska. Shi Mannir mataimakin shugaban asibiti ne kawai. Bara da ya ba da mota babu izini, sai da shugaban asibitin, Alhaji Maiwada, ya dakatar da shi.

"Bari dai in samu Alhaji."

Ya kira, babu sabis. Ya yi ta sakewa. Sai da numfashin mutumin ya tsaya sannan kiran ya shiga.

Waya ta fara ƙara a aljihun mamacin.