Turamen Baba Tanimu

Tun shekarar da gwamnati ta janye hannunta daga makarantar likitocin haƙori, ɗalibi ba ya taɓa bakin majinyaci sai wani daga dangin ɗalibin ya biya da turamen haƙori huɗu lafiyayyu, a dasa wa masu hali. Shi ya sa iyayen da ke fitowa daga ɗakin cire haƙoran ba sa amsa gaisuwa sai da ka.

Baba Tanimu, tsohon wanzami, ya rako jikarsa Zinatu, ɗalibar makarantar. A kan layi ya tauna goronsa na ƙarshe, a tsanake.

"Baba, kwanta, inji zai cire," in ji ma'aikacin ɗakin, da layi ya zo kansu.

"Injin ne zai zama likita? Yaro, karatu na zo saya, kuma a bakina za a fara shi. Zinatu, karɓi awartaki."

"Kaka, hannuna rawa yake yi."

"Nawa ma ya yi ranar da na fara ƙaho. An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ku zo ku gani."

Ma'aikacin ya ce doka ta hana. Baba ya tsuke baki gam, ya harɗe hannuwa. Layi ya tsaya cak har azahar.

Sai da awartaki ya shiga hannun Zinatu sannan Baba ya buɗe baki.