Baƙar 'Yar Tsanar da Tela Ta Ɗinka

Kin ce in ba ki shawara kan 'yar tsanar da za ki saya wa 'yarki. To, ajiye jakar tukuna, kasuwa ba guduwa za ta yi ba, ki ji abin da ya sami wata mata tela.

Matar nan 'yarta ɗaya tilo, 'yar shekara shida, baƙa mai sheƙi, ga kumatu, ga gashi mai tauri da sai an yi kokawa da shi kafin ya kitsu. Yarinya ce mai ci, mai dariya, in tana gudu a tsakar gida har ƙasa amsawa take. Ana jajibirin Sallah uwar ta shiga kasuwa sayen zare, ta ga 'yan tsanan roba a jere, ta zaɓo wadda ta fi ɗaukar mata ido: fara sol, gashi ruwan zinare har gadon baya, ƙugu kamar na zanzaro, ƙirji irin na budurwa, ga jan baki, ga takalmi mai tsini. Ko a ranta ba ta kawo cewa wannan ba jaririya ba ce, babbar mace ce aka ƙanƙantar. Yarinya ta yi tsalle, ta goya ta da ɗankwali. Da aka kwana bakwai, kamar yadda yara mata suka saba, ta tara ƙawayenta a yi suna. Aka tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, aka raba ɓawon gyaɗa a matsayin goro. Kin dai san in an zo barka akan ɗauki jariri a ce ga hancin uwa, ga goshin uwa, kamar an tsaga kara. Yaran suka karɓi 'yar tsana, suka juya ta, suka dubi mai jego, suka rasa abin da za su kama. Sai wata mai baki a cikinsu ta ce ai wannan 'yar aro ce, ina baƙa mai tumbi za ta haifi irin wannan. Aka kwashe da dariya aka watse. Uwar tana kan keken ɗinki tana ji, ita ma ta murmusa, ta ɗauka shirmen yara ne.

Ba a yi mako biyu ba yarinya ta sauya. Tuwo in ta yi loma biyu sai ta ture kwano. Gudun nan ya tsaya, dariya ta yi wuya. Wata rana da hantsi uwar ta leƙa banɗaki ta tarar da ita tana dirzar hannunta da dutsen goge kaushi, fata har ta saɓule, tana cije leɓe don kada a ji kukanta. Tsoro ya kama uwar sosai, don a nan ta gane cewa tunda 'yar tsana ta ƙi kama da yarinya, yarinyar ce ta tashi komawa 'yar tsana. Ta ɗauke abar ta jefa ƙasan akwati. Ta ture ɗinkin mutane gefe kwana biyu, masu kaya suna zuwa suna mita, ta samo yadi mai duhu, ta yanka, ta cusa auduga, ta haɗa sabuwar 'yar tsana, ta yi mata kumatu da ɗan ciki irin na yara. Ta kitsa mata shuku da baƙin ulu, ta ɗinka mata riga da ragowar atamfar Sallar yarinyar. Yarinya ta karɓa ta rungume. Uwa kuwa sai ta zama malama a unguwa, duk maƙwabciyar da ta kawo ɗinki sai ta sha wa'azi a kan sharrin 'yar tsanar roba kafin a gwada ta.

A safiya ta uku da ba yarinya sabuwar 'yar tsanar, uwar ta shiga ɗaki ɗauko almakashi. Ta tarar da yarinya zaune gaban madubi, baƙar 'yar tsanar a cinya, kwalbar man bilicin ɗin uwar a buɗe. Tana laƙato man tana shafa wa 'yar tsana a fuska, a wuya, tana murza shi a gaɓoɓin yatsu, sak yadda uwar take yi kullum bayan wanka tun kafin a haife ta. Ta ɗago kai da fara'a ta ce, "Umma, gyara ta nake yi, ta yi haske irin naki."

Matar ta dubi madubin. Ta ga fuskarta fara, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ta tuna cewa ita ma da launin yarinyar nan ta zo duniya. Kunya ta lulluɓe ta, har ta fi tsoron da ta ji a banɗaki ciwo. Ranar kwalbar ta tafi bola. Ta yi watanni fatarta tana komawa gida, dabbare-dabbare, mata suna tambayarta ko ciwo ta yi, ta daure ba ta koma ba. Sai da yarinya ta ga uwarta ta yi baƙi, ta kuma gan ta tana kwalliya gaban madubi tana murmushi, sannan ta koma cinye tuwonta har da neman ƙari.

Don haka ki saya mata wadda ta yi kama da ita, mai jikin yara ba na 'yanmata ba, wannan daidai ne. Amma kafin ki fita, koma ɗaki ki duba abin da ke jere gaban madubinki. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.