Raken Mbanga

Ina ƙarama Baba ya ce zai kai ni ganin ruwan da ke zubowa daga kan dutse, can wajen Nkongsamba. Muka bar New Bell, muka haye kogi, muka hau jirgin ƙasa. Ban tambayi abin da ya sa Inna ta ƙunshe duk zannuwana ba.

A Mbanga muka sauka, wai mu gaida Goggo, yayarsa da ba ta taɓa haihuwa ba.

Ya ce, "Zauna nan, uwata, in sayo miki rake."

Ina zaune na ji kukan jirgi. Goggo ta kwance ƙunshin, ta ce, "Ai riƙonki ya ba ni."

Bara jikokina suka je ruwan nan, suka kawo mini hotuna. Na ce su kwashe abinsu.